Ɗanasabe Kafinta da Bakan Kakansa

A duk Talata Mafara, in dai maganar ƙofa ce ko taga ko gadon amarya, Ɗanasabe kafinta ba shi da na biyu. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin daga nan gaba da wuya in ƙara samun wurin yabonsa. Hannunsa yana da kyau, bakinsa ne ba ya jin birki. Mutum ne da in ya ga ana gyaran jirgin sama a waya da hantsi, kafin la'asar zai gaya maka inda makanikan suka yi kuskure.

Ba abin da ya fi cika baki a kai kamar kakansa, marigayi Sharhabilu maharbin Dosara. Tsohon ya rasu Ɗanasabe yana ɗan shekara bakwai, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse tare suka yi farauta shekara arba'in. Kullum yana tsaye bakin shago, fensir soke a bayan kunne, yana gaya wa masu zaman benci labarin wani baƙin tabo da ke gefen bakin tsohon, wanda ya ce farcen damisa ne. Bara damisar guda ce. Bana sun zama biyu, har ɗayar tana da ciki.

Bakan tsohon kuwa yana Maradun, rataye a ɗakin Gwaggo Taibatu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Ya yi baƙi ƙirin don hayaƙi da man shanu. A nan kam ba zan yi wa Ɗanasabe sharri ba, son da yake wa bakan nan na gaskiya ne. Abu ɗaya da yake tunawa sosai game da kakansa shi ne ranar da tsohon ya ɗora masa bakan a cinya, ya ce ya riƙe masa ya yi alwala. Don haka tun shekara uku da suka wuce ya sassaƙa maratayi na itacen maɗaci, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya kafa a bangon shago daidai inda duk mai shigowa zai gani. Wanda ya tambaya sai ya ce masa bakan yana hanya.

Abin da ya hana bakan isowa shi ne Nagode, manomin shinkafa a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. Uwar Nagode da uban Ɗanasabe uwa ɗaya uba ɗaya suke, wato su biyun taubasai ne, kowa yana da izinin gasa wa ɗan'uwansa magana ba a yi fushi ba. Nagode ba shi da yawan surutu, amma in ya jefo guda sai ta kwana tana yi wa mutum ƙaiƙayi. Shi ma yana son bakan.

Ana nan sai Malam Zubairu, tsohon malamin wasannin motsa jiki da ya yi ritaya, ya buɗe ajin koyon harbi da baka. Asabar yana Mafara, Lahadi Bakura, Laraba Maradun, kuma ya ce bayan wata biyu za a haɗa azuzuwan a yi gasa a Bakura. Labari ya riga ya kai kunnen Gwaggo Taibatu ranar da su biyun suka je gaishe ta. Aka yi ina wuni, ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da zafi, har furar da ta dama musu ta fara kwantawa. Sannan ta nuna bango da sandarta.

"Na gaji da kallon da kuka yi ma bakan ga duk randa kunka zo," in ji ta. "Ku tahi makarantar ga ta Zubairu. Ranar gasa ina zuwa da shi. Wanda kibiyoyinai uku sunka hi zama wuri guda, shi ad da baka."

Ɗanasabe ya yi dariya ya gyara hula. "Gwaggo, da kin hutar da kanki hawan mota kin ba ni abina yanzu. Harbi cikin jinina shike. Wanga kau, in ba tsuntsun shinkafa da gwangwani ba, mi yat taɓa kora?"

Nagode ya kurɓi fura ya ajiye ludayi. "Inna, ki ƙyale shi. In da baki aka harbi, da tuni babu sauran nama a daji."

Ranar Talata Ɗanasabe ya shiga kasuwa ya sayo baka da kibiyoyi wajen masu kayan maharba. Ranar Asabar ya isa filin bayan gari da su a kafaɗa. Ya tarar da mutum kamar goma sha biyar, 'yan makaranta da magidanta, sun yi sahu suna fuskantar buhunan ƙaiƙayin shinkafa da aka zana wa da'ira da jan fenti. Ba wanda ke riƙe da baka. Kowa yana riƙe da guntun robar tayar keke, yana ja yana saki.

Malam Zubairu gajere ne mai sanyin murya. Ya amsa sallama, ya miƙa wa Ɗanasabe tasa robar.

"Harbi abu uku na," ya ce. "Ƙahwa ta tsaya inda tat tsaya jiya. Babban yatsa shi zo gehen baki, wuri guda, kullum. Sannan ka saki tsarkiya awa ka mance da ita. Sati biyu za ka yi da robar ga kahin ka taɓa kibiya."

"Roba?" in ji Ɗanasabe. "Malam, ka ko san wa kaka ba roba? Jikan Sharhabilu na Dosara."

"Allah shi gahwarta mai. To bismillah, mu gani."

Ɗanasabe ya ɗana kibiya, ya buɗe ƙafafu kamar mai shirin kokawa, ya ja, ya saki. Tsarkiya ta zabge shi a damtse, kibiya kuma ta faɗi kusa da babban yatsan ƙafarsa. Ya danne zafin ya ce sabon baka ne, yana gwada lafiyarsa. A ta biyu ya durƙusa gwiwa ɗaya, wai haka maharban da suke yi in sun ga gada. Kibiya ta yi hagu ta kafe a kujerar babur ɗin Malam Zubairu. A ta uku ya miƙe, ya rufe ido ɗaya, ya canja shawara ya rufe ɗayan, ya saki. Wannan har yau ba a san inda ta sauka ba.

Malam Zubairu ya je ya zare kibiya daga kujerar babur, ya sa yatsa a hujin, ya dawo.

"Kibiya uku kah harba," ya ce, "amma mutum uku nig gani. Ka zaɓi guda cikinsu, shi zan koya ma harbi."

'Yan aji suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Malam ya tsayar da Ɗanasabe yadda ya kamata, ya ɗebo toka ya zagaye sawunsa da ita, ya ce kullum nan zai riƙa tsayawa.

Sati biyu Ɗanasabe ya daure yana zuwa, amma jan roba ya fi ƙarfin girmansa. Ga kuma 'yan Bakura masu zuwa cin kasuwa suna kawo labarin cewa Nagode kullum bayan asuba yana tsayawa gindin wani mangwaro ya ja roba sau ɗari kafin ya shiga gona. Masu zaman benci suka riƙa kallon maratayin da ke bango suna tambayar ko za a fara rataya hula a kai kafin baka ya iso.

A Asabar ta uku ne, yana kallon zanen tokar da iska ta share rabinsa, dabara ta faɗo masa. Ya bar aji ba sallama, ya nufi shago. Da azahar sai ga shi ya shigo gida da wani faffaɗan katako mai kauri, an kafa masa tsofaffin takalman ƙwallo guda biyu, kowanne da ƙusa takwas.

Matarsa Hasana tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi katako, ta dubi mijinta.

"Baban Bushra, wa yam mutu yab bar takalma?"

"Ilimi na, ba ki ganewa. Malam ya ce ƙahwa ta tsaya wuri guda. Su suna wahalad da jiki wata biyu shi koya. Ni kau na koya ma katako cikin awa biyu. Katako ba shi mantuwa."

"To in kana son tahiya hwa?"

"Maharbi ba shi tahiya. Nama ka tahiya."

Ya jingina buhun ƙaiƙayi a bangon da ya raba su da maƙwabcinsu Yasir, ya auna taki ashirin da tef, ya zura ƙafa cikin takalman ya ɗaure igiya tamau. Hasana ta kwashe garinta ta shige ɗaki, ta leƙo ta taga. Kibiya ta tashi, ta tsallake buhu, ta tsallake bango. Aka ji wani ƙus, sai kuma ƙarar ruwa yana zuba.

Ba a jima ba kan Yasir ya bayyana a saman bango, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Salamu alaikum, Ɗanasabe. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Yasir. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Dama tankin ruwana na bisa na ga ya yi wutsiya, shina ta hitsari cikin shinkahwar da munka shanya. Nac ce in tambaya ko wutsiyar taka ta."

Ɗanasabe ya so ya taka ya je ya ba da haƙuri, ya manta ƙafarsa ba tasa ba ce yanzu. Ya tafi gaba ɗaya ya rungumi ƙasa. Sai da Hasana ta fito ta kwance shi. Ya yini yana fiƙe turun katako yana toshe tanki, yana yi wa Yasir bayanin cewa irin wannan robar dama ba ta da inganci.

Washegari ya gane inda matsalar take. Ƙafa ta zauna, saura hannu, wanda yau ya tsaya a haɓa, gobe a kunci, jibi a wuya. Shi kuwa kafinta bai yarda da abin da ba a auna ba. Ya ɗauko sabon fensir dogo, ya soke a bayan kunnen dama, ya daidaita gindinsa da bayan kunnen, tsininsa ya miƙo gaba. Sharaɗi shi ne ya ja tsarkiya har babban yatsa ya taɓa tsinin fensir, sannan ya saki.

Allah da ikonsa, tsinin sabon fensir ya zo daidai gefen bakinsa, wato inda Malam Zubairu ya yi sati biyu yana roƙon ya kai hannunsa. Ya harba ta farko, ta shiga buhu. Ta biyu ta shiga kusa da ita. Ta uku ta shiga tsakaninsu. Ɗanasabe ya tsaya yana kallo, shi kansa bai yarda ba. Da ya farfaɗo sai ya ƙwala wa Hasana kira, ya kira Yasir, ya aika a kira masu zaman benci su zo su gani da idonsu kafin a zare.

"To sai ka yi ta maimaitawa har hannun shi saba," in ji Yasir, yana tsaye ta wajen da jikinsa zai kare tanki.

"Maimaici na mai shakka na. In na auna ƙohwa sau guda ta shiga, kullum nika komawa in sake auna ta?"

Daga ranar ya naɗe katako cikin tsohon zane, ya ajiye baka a ƙarƙashin gado, ya aika wa Malam Zubairu cewa ya sauke karatu, sai sun haɗu a Bakura. Ya kuma aika wa Nagode cewa ya ci gaba da jan roba, wataƙila ya sami aikin faci.

Saura sati bakwai gasa. A cikinsu aka ba Ɗanasabe aikin bencina arba'in na wata makarantar Islamiyya, da ƙofofi shida, da gado biyu. Kowane katako sai an ja masa layi, kowane layi sai da fensir, fensir kuma in ya dakushe sai an fiƙe shi da reza. Wani zai ce me ya hana shi ajiye wancan ya sayi wani na aiki. Ai Ɗanasabe ya ce fensirin nasara ne, ba ya rabuwa da kunnensa. Haka ya yi ta fiƙarsa safe da yamma yana ba da labarin yadda zai yi da Nagode.

Ranar gasa da safe, yana saka sabuwar shadda, Hasana ta tsaya tana kallon kunnensa.

"Baban Bushra, wanga hensir naka kau..."

"Kada ki sa mai baki."

"Gani nay yi awa ya..."

"Hasana, tankaɗe naki, awo nawa."

Ta juya ta ɗauki mayafi. Ta ce lalle da ita za a je, don ba ta son a ba ta labari.

Filin gasa yana bayan garin Bakura, gefen babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin shinkafa. An kafa rumfa, an jera buhuna, an ɗaura wani dogon ƙyalle mai rubutun maraba can sama da su. Bayan buhunan da ɗan nisa akwai wata tsohuwar tsamiya, a cikin rassanta wani mai kiwon zuma ya ɗaura amya biyu. Jama'a sun taru daga garuruwan uku. Gwaggo Taibatu tana zaune a kujera bakin rumfa, kusa da motar da ta kawo ta, bakan Sharhabilu naɗe cikin farin ƙyalle a kan cinyarta.

Ɗanasabe ya iso a bayan a-kori-kura, shi da katako da masu zaman benci shida. Ya sauko yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu. Ya je ya durƙusa ya gai da Gwaggo, idonsa na kan farin ƙyallen.

"Gwaggo, ki ɗan sassauta riƙo, kada hannunki shi saba."

Aka fara. Da aka zo kan Nagode, ya fito da tsohuwar rigarsa ta gona, ya tsaya, ya ja, yatsa a gefen baki, ya saki. Ya sake yin haka. Ya sake. In ka ga ta farko ka ga sauran, ba abin kallo ko kaɗan. Kibiyoyin ba su sami tsakiyar da'ira ba, sun ɗan yi ƙasa, amma tafin hannu ɗaya zai rufe su duka. Malam Zubairu ya gyaɗa kai.

"Harbin gajiyayyu," in ji Ɗanasabe da ƙarfi. "Ku kawo man kayan aiki."

Mutum biyu suka kinkimo katako suka ajiye a layi. Aka yaye zane. Surutu ya ɓarke a filin, yara suna turereniya su ga takalman da aka kafa da ƙusa. Malam Zubairu ya zagaya katakon sau biyu, hannu a baya.

"Ɗanasabe, wanga hwa?"

"Darasinka na, Malam, nis sa mai ƙusa. Akwai dokad da ta hana?"

Malam ya yi tunani. Gaskiya ba wanda ya taɓa zaton za a buƙaci irin wannan doka. Jama'a kuma suna ta cewa a bar shi. Ya ɗaga kafaɗa ya koma gefe, ya tura babur ɗinsa bayan rumfa.

Ɗanasabe ya zura ƙafa, ya ɗaure igiya, ya ƙara ƙulli biyu don kada a sami kuskure. Ya shafa bayan kunne ya daidaita gindin fensir. Fensirin nan da ya kai gefen baki sati bakwai da suka wuce, yanzu bai fi ɗan ƙaramin yatsa ba, tsininsa da ƙyar ya leƙo gaban kunne.

Ya ɗana kibiya ya ja. Yatsa ya zo gefen baki, babu fensir. Ya wuce kunci, babu fensir. Baka ya fara kuka, ƙirjinsa ya banƙare, kan kibiya ya ɗaga sama. Jikinsa yana gaya masa an wuce wuri, amma shi ya fi yarda da awo. Sai can bakin kunne yatsa ya taɓa tsini. Ya saki. Kibiya ta bi ta saman buhu kamar ba ta san shi ba, ta faɗa gonar shinkafa, wasu balbelu suka tashi.

"Iska," in ji Ɗanasabe.

Kowa ya ɗaga kai ya dubi ganyen tsamiya. Ko motsi ba ya yi.

Ta biyu ta fi ta farko zuciya. Ta huda ƙyallen maraba ta tsaya a ciki tana lilo. Wani daga cikin 'yan Maradun ya ce a ba shi maki, ko ba komai ya sami rubutu. Dariya ta kece. Nagode ya matso kusa, ya yi magana a hankali, kuma wannan karon ba tsiya ya zo da ita ba.

"Taubashi, tsaya gehen baki. Hensirin ga ya ƙare."

Da wani ne ya faɗa, wataƙila da ya ji. Amma Nagode ne, kuma a gaban mutane.

"Koma wajen robarka," in ji Ɗanasabe.

Ya ɗana ta ƙarshe, ya ja da fushi har yatsa ya ture fensirin ya wuce bayan kunne. Tsarkiya ta kuɓuce, ta tafi da hularsa. Kibiya ta yi sama, ta yi sama, ta shiga cikin tsamiya. Aka ji ta soki wani abu mai taushi. Amya ɗaya ta karkace, ta yi lilo, ta faɗo ƙasa ta dare biyu.

Mutanen Bakura sun san wannan ƙugin, su suka fara gudu. Na Mafara da na Maradun ba su tsaya tambaya ba. Masu zaman benci shida, waɗanda aka ɗauko musamman don su yi shaida, suka riga kowa isa bayan a-kori-kura. Hasana ta ɗago Gwaggo da bakan da sandar gaba ɗaya ta tura cikin mota, ta bi ta, aka ɗaga gilashi. Malam Zubairu ya lulluɓe kai da riga ya kwanta a ƙasa yana cewa kowa ya kwanta, ba mai jinsa.

Cikin ƙiftawar ido fili ya zama ba kowa sai mutum ɗaya, wanda ya tsaya daram inda ya tsaya jiya.

Ɗanasabe ya duƙa kan igiya. Ƙulli uku ne, kuma aikinsa ba ya kwancewa. Ya ja ƙafa, ƙusa goma sha shida suka ce ba inda za a. Sai ya fara tsalle da katakon gaba ɗaya, kamar kwaɗo a cikin shadda, yana kaɗa baka a saman kai yana salati. Tsalle huɗu ya yi zuma ta iso. Ta farko ta sauka a ƙeya, ta biyu a hanci, wata kuma ta zaɓi gefen bakinsa na dama ta zauna da kyau.

Yana cikin haka ya ji an cafki gefen katako. Nagode ne, ya rufe kai da buhu. Bai tsaya neman ƙulli ba, ya ja katako da mai katako a ƙasa kamar garma, har bakin hanyar ruwa, ya tura su ciki, shi ma ya faɗa. Katako ya taso sama, saboda haka ƙafafun Ɗanasabe ne a sama, kansa a ƙasa. Nagode ya riƙa ɗago shi yana shaƙar iska yana mayarwa har zuma ta gaji ta watse. Sannan ya ciro lauje daga ƙugu ya yanke igiyoyin.

Da la'asar aka taru a zauren wani ɗan'uwan Nagode a cikin gari. An shafa wa Ɗanasabe albasa da magani, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Nagode ma hannayensa sun yi suntum. Mai amya ya zo da kansa ya kawo kibiya, da saƙar zuma manne a jikinta, ya ce a gaya wa maharbin ya sami tsakiya.

Gwaggo Taibatu ta warware farin ƙyalle. Ta shafa bakan tun daga sama har ƙasa, ta miƙa wa Nagode. Ya karɓa da hannu biyu. Ɗanasabe ya bi shi da idonsa guda da ya rage. Abin ya yi masa ciwo fiye da harbin zumar.

"Kai kau matso," in ji Gwaggo. "An ce kana hwaɗa ma mutanen Mahwara damisa ta yagi Baba a baki."

"Haka nij ji, Gwaggo."

"Wurin wa? Baba ko a mahwalki bai gamu da damisa ba. Tabon ga hwarcen babban yatsanai na. Shekara hamsin shina aza shi wuri guda in ya ja baka, har wurin yay yi kanta. Ko ranad da ba shi zuwa daji sai ya tsaya bayan ɗaki ya ja sau ɗari. Mu muna ƙanana mun ɗauka bai da aikin yi."

Ta sa yatsa ta danna kumburin da ke gefen bakin Ɗanasabe. Ya zabura.

"Nan na," ta ce. "Daidai nan. Kai sai da zuma tag gwada maka."

Ranar Talata Nagode ya shigo Mafara cin kasuwa, ya biyo ta shago. Aka gaisa, aka tambayi jiki. Ya tsaya yana kallon bango.

"Taubashi, ƙusa nir rataya bakan Kaka a kai, kuma bai dace da shi ba. Ga shi kau maratayinka na zaune ba aiki."

Masu zaman benci suka zuba ido suna jiran abin da zai fito. Ɗanasabe ya daɗe yana duban maratayin maɗacin da ya goge shekara uku. Sannan ya ɗauko sukundireba ya hau kujera, ya kwance shi da hannunsa, ya share ƙurar da hannun riga, ya naɗe a takarda. Ya ce a kafa shi nesa da taga don kada rana ta ci bakan. Nagode ya karɓa ya ɗaure a bayan babur.

"Randa kat tara uku wuri guda ba da katako ba," ya ce, "ka zo Birnin Tudu in ba ka ka riƙa man in yi alwala."

Ya tayar da babur ya tafi. A bango sai huji biyu da farin wuri mai siffar maratayi. Ɗanasabe bai toshe su ba.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa filin bayan gari. Malam Zubairu ya miƙa masa roba, ya zagaye sawunsa da toka. Ɗanasabe ya ja, yatsa ya sauka a gefen baki inda har yanzu ke tsami, ya runtse ido don zafi. Ya sake ja, ya sake sauka nan. Ba ya iya kuskuren wurin ko ya so.

Kumburi ya saɓe bayan kwana goma, ya bar ɗan baƙin tabo. Wata rana wani baƙo daga Gusau ya zo yin odar ƙofa, ya lura da shi, ya tambayi abin da ya sami maigida a baki. Ɗanasabe ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi irin na mai shirin dogon labari. Masu zaman benci suka juyo gaba ɗaya. Yasir, da ya zo gyaran turun tankinsa, ya harɗe hannu yana jira.

Ɗanasabe ya dubi huji biyun da ke bango, ya sauke numfashin.

"Zuma ta," ya ce.

Ya ɗauki tef ya fara awon katako. Can ya ɗago kai.

"Amma hwa manya na. Ko wace ta kai zakara."